Daga kyauta zuwa albashi: yadda ƙwallon Amurka ya zama sana'a

Duk wanda ya taɓa kallon kokawa a Gabi bayan girbi ya san al'adar: ɗan kokawa ya yi kaye, masoya su shiga fili su liƙa masa kuɗi. Wannan kyauta ce, ba albashi ba. To yaushe wasa ke zama sana'a? Tarihin ƙwallon Amurka, wanda ake rungume ƙwallo a sheƙa da gudu, yana da amsa.

Da farko wasan ɗaliban jami'a ne, kuma karɓar kuɗi a kansa abin kunya ne. Amma ranar 12 ga Nuwamba 1892, wata ƙungiya a birnin Pittsburgh ta ba William Heffelfinger dala 500 a ɓoye don ya buga mata wasa ɗaya tak. Shi ne ya ci mata wasan. Sai bayan shekaru masu yawa aka ga shaidar biyan a littafin lissafin ƙungiyar.

Daga nan kuɗi suka shigo babu doka. Ɗan wasa yau yana nan, mako mai zuwa ya koma inda aka fi biya. Wasu ɗalibai kan buga da sunan ƙarya. Ƙungiyoyi suka yi ta durƙushewa saboda tsadar 'yan wasa.

Ganin haka, ranar 17 ga Satumba 1920 shugabannin ƙungiyoyi suka taru a shagon sayar da motoci a garin Canton na jihar Ohio, suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya ƙarƙashin shahararren ɗan wasa Jim Thorpe. A 1922 aka raɗa mata suna NFL. Manufarta: a daina sace wa juna 'yan wasa, a kuma tsara gasa.

Nijar ma ta taka irin wannan mataki a 1975, lokacin da aka fara kokawar takobi a Tawa, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi a yau.

Sai dai takobi sau ɗaya ake cin sa a shekara, mutum ɗaya ke tafiya da shi. Matashin Gabi ko Madarunfa da ya karye a fili, wa zai biya masa magani? Idan ƙarfi ya ƙare fa? Muddin babu rubutacciyar yarjejeniya da tsari, ɗan kokawa zai ci gaba da dogaro da aljihun 'yan kallo.