AZOLA: SHUKA MAI SON INUWA, ABINCIN KAJI

Ƴan uwa manoma, kowa ya san dussa na tsada da rani. Kaji su rame, ƙwai ya ragu. Akwai wata ƴar shuka da za ta rage muku wannan wahala. Sunanta azola.

Mene ne azola?

Azola ƴar ƙaramar shuka ce mai yawo bisa ruwa kwance. Ba kainuwa ba ce. Girmanta bai wuce farcen yatsa ba. Ba ta fure, ba ta ƴaƴa. Reshenta ne ke tsinkewa, ya zama sabuwar shuka. In ta ji daɗin wuri, cikin mako guda sai ta ninka.

Cikin ganyenta akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani. Su ke jawo azot daga iska. Azot shi ne abincin da ke sa shuka ta yi kore. Shi ya sa manoman Sin da Biyetnam suka daɗe suna sa azola cikin gonakin shinkafa a madadin taki.

Yadda ake shuka ta

1. Ku zaɓi wuri cikin garka, kusa da rijiya, ƙarƙashin iccen mangwaro ko rumfar zana.
2. Ku gina rami: tsawo metir 2, faɗi metir 1, zurfi santimetir 20. Ku daidaita ƙasansa.
3. Ku shimfiɗa leda mai kauri, marar huda.
4. Ku baza ƙasar gona da aka tankaɗe, kaurin yatsa biyu.
5. Ku dama tsohon kashin shanu, kamar tiya guda, ku zuba.
6. Ku ƙara ruwa har zurfinsa ya kai santimetir 10.
7. Ku watsa azola bisa ruwan. Wajen neman iri, ku tuntuɓi malamin gona.

Kulawa

Babban abokin gabarta shi ne rana. In zafi ya wuce digiri 35, azola na wahala. Ganyen ya yi ja, daga baya ya mutu. Saboda haka da bazara ku ƙara zana bisa rumfa. Amma kada ku rufe ta ruf, tana son haske kaɗan.

Kada ruwa ya ƙafe. In ta bushe, ta mutu ke nan. Kowane mako ku ƙara ɗan kashin shanu. Ku tsame ganyen icce da ya faɗa ciki. Ku yi shinge saboda awaki da yara ƙanana.

Ɗiba

Bayan mako 2 azola za ta rufe ruwan. Ku riƙa ɗibar kaɗan kullum da rariya, ku bar saura ta hayayyafa. Ku wanke ta sosai, warin kashi ya fita. Ku gauraya da dussa, ku ba kaji, zabbi da agwagi. Ku fara da kaɗan har su saba. Azola ƙari ce, ba ta maye gurbin hatsi.

Wanda ya fara samun iri, ya sam ma maƙwabcinsa. In ramin wani ya mutu da bazara, iri ba zai ɓace a gari ba.