Ko Kun Sani? Tirela Ba Ta Rasa Birki Don Iska Ta Ƙare

Idan iskar birkin tirela ta tsiyaye, ƙafafunta na baya kullewa suke yi, motar ta tsaya cik. A ƙaramar mota, man birki ne ke tura fistin ɗin da ke cikin awartakin birki, ya damƙe faifan ƙafa, don haka zubewar mai na iya raba direba da birkinsa. Manyan motocin da ke shigowa Maiduguri ta hanyar Damaturu kuwa suna da ƙaƙƙarfan sifirin a birkin baya, kuma iska ce ke danne shi. Da zarar ƙarfinta ya faɗi zuwa tsakanin psi 20 da 45, sai sifirin ya saki, ya kama ƙafa. Wani a unguwar Wulari zai ce, to me ya sa ake yawan jin birkin tirela ya ƙwace? Sifirin turawa kawai yake yi. In lodi ya yi yawa gangar birki ta ɗau zafi ta buɗe, ko abin da ke gogarta ya cinye, ko an bar birki ba saiti, turawar ba ta kama komai. Mafi muni shi ne bakaniken da ke ɗaure sifirin da noti don mota mai yoyon iska ta ci gaba da tafiya da kaya.