Dusa Ga Dabbobi, Olsa Ga Masu Gona

Duk wanda ya tashi daga Kwanar Ɗangora a ƙarshen damina, ya ratsa ƙasar Ƙiru da Bebeji, ya nufi Tudun Wadar Ɗankadai, ya keta Dajin Falgore har ya sauka Doguwa, zai yarda cewa Allah Ya yi wa kudancin Kano baiwa. Masara da dawa da gero sun rufe gonaki, shinkafa ta kwanta a fadamu, ga wake da gyaɗa da waken suya da dankali da rake. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin mulkin Audu Bako, noman rani ya ƙara wa wannan shiyya albarka a kan albarka. Daga kasuwannin yankin ake lodin abincin da ke ciyar da birnin Kano da garuruwan da suka fi shi nisa.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a wannan yanki mai ciyar da wasu, da wuya ka zauna a majalisa ba ka ji wani yana kukan cikinsa ba. Wannan ya ce olsa ta hana shi azumin nafila, wancan ya ce basir ya hana shi sakat, wata ta ce kwana uku ke nan ba ta zaga ba. Ranar kasuwa kuwa, motar mai magani da lasifika ita ce ta fi kowane shago tara jama'a. Ra'ayina a kan wannan lamari shi ne: mafi yawan maganin cikinmu yana cikin abin da muke nomawa, mu ne muke tankaɗe shi mu zuba wa dabbobi. Sauran kuma, wanda ya fi ƙarfin tukunya, aikin asibiti ne, kuma jinkirin gane hakan yana cin rayuka.

Mu fara da tukunya. Tuwon da iyayenmu suka tashi da shi na dawa ne ko gero, surfen turmi wanda ba ya raba ƙwaya da dusarta baki ɗaya. Miyarsa kuka ce ko kuɓewa ko karkashi ko yakuwa, da daddawar kalwa. Da rana akwai dambu da zogale, ko fate da rama, ko kwaɗon tafasa. Yaro kuma idan ya fita kiwo, ɗinya da kanya da magarya da goruba su ne alawarsa. Yau injin surfe yana fitar da masara fara tas, a jiƙa ta, a wanke, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi, har uwargida ta yi alfahari da cewa tuwonta kamar ƙwai. Dusar kuwa a tara ta a buhu a sayar wa masu kiwo. Sa ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, mai gonar kuma yana nishi a bayan gida. A kan wannan aka ƙara farin burodi da shayi mai cike da sukari da safe, taliyar leda da dare, da lemon kwalba a kowane biki.

Abin da muke zubarwa a cikin dusa da ɓawon wake da zaren ganye shi ne likitoci suke kira faiba. Jiki ba ya narkar da shi, kuma a nan amfaninsa yake. Yana riƙe ruwa a cikin hanji, ya sa bahaya ya yi laushi da auki, ya fita ba tare da yunƙuri ba. Wani kasonsa kuma abinci ne ga ƙananan halittu masu amfani da ke zaune a babban hanji. Idan ya yi ƙaranci sai ciki ya bushe, mutum ya daɗe a tsugune yana yunƙuri, jijiyoyin dubura su kumbura. Basir ke nan a ma'anarsa ta likita.

Wani abin da ya kamata ya ba mu kunya shi ne, daga nahiyarmu Turawa suka koyi wannan darasi. Likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana aiki a Yuganda, ya lura cewa taurin bahaya da basir da ciwon dajin babban hanji sun yi yawa a Ingila, amma ba kasafai yake ganin su a tsakanin mutanen karkarar Afirka ba. A farkon shekarun 1970 ya yi ta shelar cewa bambancin yana cikin abincin da ba a tace ba. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya samu aƙalla giram 25 na faiba, da giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum. Bature yana biyan kuɗi mai yawa ya sayi burodi mai dusa, mu kuma muna biyan mai inji ya raba mu da ita. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sai dai akwai sharaɗi. Hatsin da za a ci da dusarsa dole ya zama wanda ya bushe sarai kafin a kai shi rumbu. Masara da gyaɗar da aka adana da danshi suna yin hunhuna, hunhunar kuma tana haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda ta fi taruwa a fatar ƙwaya. Don haka a tsince, a zubar da wadda ta canja launi, a wanke sauran, sannan a ce wa mai inji ya sassauta surfe. Shinkafarmu ta gida da ake turarawa kafin a casa ita ma ta fi farar 'yar waje riƙe sinadaran gina jiki, domin turarin yana tura su daga fata zuwa cikin ƙwaya.

Yanzu mu zo kan olsa, kalmar da ta zama rigar aro ga kowane ciwon ciki. An daɗe ana cewa yunwa da barkono da damuwa ne ke kawo ta. Gaskiya ne suna iya tsananta zafinta, amma manyan dalilan gyambon ciki guda biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, Marshall ya shanye ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu, ya kafa hujja da jikinsa. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Ƙwayar tana shiga mutum galibi tun yana yaro, ta hanyar gurɓataccen ruwa da abinci da yawu, kuma tun 1994 aka sanya ta cikin jerin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin ciki. Labari mai daɗi shi ne ana gano ta da gwajin bahaya, kuma ana kashe ta da haɗin magungunan da likita zai rubuta na kwana 10 zuwa 14. Ke nan mutumin da ya shekara goma yana cewa "olsata ta tashi" wataƙila mako biyu ne tsakaninsa da rabuwa da ita.

Dalili na biyu ya fi kusa da manomanmu: magungunan kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam da asfirin. Mutum ya wuni a duƙe yana cirar shinkafa ko yana saran rake, da yamma ya tsaya wurin mai tebur ya ce a haɗa masa na gajiya. A ƙulla masa ƙwayoyi uku ko huɗu a leda, ya watsa su a cikin da babu komai. Waɗannan magunguna suna raunana majinar da ke kare bangon ciki daga ruwan tsamin da yake narka abinci. A yi haka wata da watanni, sai bango ya ƙwarzane, wani lokaci ya yi jini, wani lokaci ya huje.

Idan zafin ya taso, abin da aka saba shi ne a jiƙa kanwa a sha, ko a kurɓi madara. Dukansu suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, shi ya sa aka yarda da su. Amma madara tana sa ciki ya ƙara zubo ruwan tsami bayan ta wuce, kanwa kuwa 'yar'uwar gishiri ce, cike take da sinadarin sodiyam mai tayar da hawan jini. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun alaƙanta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata masu jego. Masana sun ƙara gano wasu dalilan daga baya, amma gargaɗin yana nan: 'yar kanwar da ake jefawa a miya daban, mayar da ita maganin yau da kullum daban.

Wannan ba ya nufin a raina abin da ke cikin madafinmu. Citta tana rage tashin zuciya, tana taimaka wa abinci ya bar ciki da wuri. A daddaka ɗanya kaɗan a tafasa a sha bayan cin abinci mai nauyi. Tsamiya tana sassauta ciki a hankali, don haka kunun tsamiya marar sukari da yawa ya fi shayi dacewa da mai taurin bahaya. Yauƙin kuka da kuɓewa da karkashi da lalo nau'in faiba ne mai riƙe ruwa. Gwanda da goba da kankana da mangwaro, kowanne a lokacinsa, sun fi kowace ƙwayar wankin ciki sauƙi ga hanji. Na'a-na'a tana rage kumburi, sai dai mai ƙwannafi ya yi hattara da ita domin tana iya ƙara masa. Nono da kindirmo suna ɗauke da ƙananan halittu masu amfani, da sharaɗin an dafa madarar kafin ta kwana, kuma ruwan da aka dama fura da shi mai tsabta ne. Wanda wake ke kumbura wa ciki, ya jiƙa shi ya kwana, ya zubar da ruwan, ya fara da kaɗan har hanjinsa ya saba. Duk wannan kuma ba ya aiki sai da shan ruwa isasshe, musamman a watannin bazara.

Inda nake jan kunne shi ne al'adar wankin ciki da filasko ko jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka, waɗanda ba su da lambar hukumar NAFDAC, ba su da ma'auni, ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Gudawar da suke sawa ba shaida ba ce ta cewa datti ya fita. Ruwan jiki ne da gishirinsa suke tsiyayewa, kuma hakan yana iya taɓa ƙoda, balle ga tsoho ko yaro ko mai juna biyu.

Sai batun motsa jiki. Wani zai ce manomi ba ya buƙatar wa'azi a kan wannan, kuma da gaskiyarsa a watannin damina. To amma rayuwar yankin ta sauya. Babur ya shiga kowane lungu, har tafiyar da ba ta wuce tsakanin gida da masallacin Juma'a ba sai an hau. Maganin feshi ya rage noman hannu. Malamin makaranta da ma'aikacin sakatariya da mai shago da tela da direba, duk a zaune suke wuni. Matan da ke cikin gida sun huta da daka da niƙa, kuma babu mai fatan mayar da su wahalar jiya, amma jikin da ya daina wannan aiki yana buƙatar madadinsa. Hanji tsoka ne, yana motsi da motsin mai shi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako, wato kamar rabin sa'a na tafiya da sauri kwana biyar. Tattaki na minti goma ko goma sha biyar bayan cin abinci, ko da zagaya tsakar gida ne, yana rage kumburi da nauyin ciki.

Yadda ake ci ma yana da nasa hukunci. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowane ɗalibi ya haddace shi, aiki da shi ne ya yi wuya. Mutum ya wuni da yunwa a kasuwa, bayan Isha ya cika ciki da tuwo da mai, ya miƙe a katifa nan take, sannan ya yi mamakin ƙwannafin tsakar dare. A bar tazarar sa'a biyu zuwa uku tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya, a tauna da kyau, a wanke hannu da sabulu kafin a sa shi a kwano ɗaya da yara.

Akwai alamomin da idan an gan su, maganar citta da tsamiya ta ƙare: bahaya baƙi kamar kwalta, aman jini, jini a bahaya, rama ba dalili, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, ɗashewar ido da tafin hannu, ko sauyin yanayin bahaya da ya ƙi wucewa ga wanda ya manyanta. Ba kowane jini ne basir ba. Ciwon dajin hanji ma da haka yake sallama. Mai irin wannan ya nufi babban asibiti mafi kusa, idan ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake leƙa cikin ciki da na'ura. Kunyar faɗin ciwon da ke wannan wuri ba ta kai zafin makara ba.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su sa gwajin wannan ƙwayar cuta ya samu a asibitocinsu da farashin da talaka zai iya, su kuma gyara rijiyoyin burtsatsen da suka lalace, domin tsabtataccen ruwa shi ne rigakafi na farko. Makarantun kwana su dasa zogale da gwanda a bayan ɗakin girki. Limamai su ware huɗuba guda a kan ladubban ci da haɗarin shan magani barkatai. Gidajen rediyo su tace tallan da suke karɓa. Ɗalibanmu na kimiyya kuma, idan sun zo hutu, su zauna da iyayensu su yi musu wannan bayani cikin ladabi da harshen da za su gane.

Maigida kuwa, kafin ya kai amfanin gonarsa kasuwa a kakar bana, ya ware wa gidansa dawa da gero da wake mafi kyau tukuna. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa wa abincinmu albarka.