Sitikar coci ce ke rage wa mota gudu?

Wata Alhamis da yamma muna dawowa Gumel daga kasuwar Maigatari, motarmu ta maƙale a bayan wata roka mai tafiyar hawainiya. A jikin ƙyauren bayanta an zana gicciye da sunan Yesu Almasihu. Direbanmu ya danna oda har ya gaji, sai ya yi tsaki ya ce: "Ai dama, in ka ga wannan alamar, ka shirya kwana a hanya. Ba sa taka totur." Fasinjoji suka yi dariya. Wani dattijo a kujerar gaba ya ce masa: "Yaro, bar kallon rubutu, leƙa ka ga abin da ta ɗauko." Ƙahonin shanu ne suka yi cirko-cirko ta saman bodi.

Na sha jin wannan magana a tasha, kuma ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Amurka ma ana tsokanar masu liƙa alamar kifi a bayan mota, wadda tsohuwar alama ce ta Kiristanci, wai su ne ke tare hanya. Da yake zancen ya yaɗu haka, ya kamata a tankaɗe shi, a ware gari da tsaki.

Gaskiyar da ke ciki ita ce, manyan motocin da ke zuwa Maigatari ɗaukar dabbobi zuwa Legas, Anacha ko Fatakwal, da yawansu na ɗauke da rubutun addinin Kirista, kuma lallai a hankali suke tafiya. Sai dai dalilin yana cikin bodi. Shanu a tsaye ake loda su, a matse. Direba ya kuskura ya taka burki da ƙarfi, ko ya faɗa rami da gudu, sai sa ya zube, 'yan uwansa su tattake shi, kafin a kai kudu an yi asarar dukiya mai yawa. Ga masu kula da dabbobin a zaune a saman katako. Duk direban da ya san aikinsa lallaɓawa zai yi, ko mene ne addininsa. Doka ma haka ta ce: ƙa'idar tuƙi ta Najeriya ta ba tirela da tanka kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanyoyi na gudu, alhali ƙaramar mota tana da 50, 80 da 100. Kuma tun daga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Ko ana bin umarnin sau da ƙafa, wannan wani zance ne daban.

Inda maganar ta fara karkacewa shi ne ɗaukar cewa sitika tana faɗa maka wanda ke riƙe da sitiyari. Sau da yawa rubutun na mai motar ne, yana can kudu a shagonsa, direban kuwa Bahaushe ne ko Babarbare da carbinsa a rataye a madubi. Haka ƙananan motoci. Yawancin abin da muke hawa na hannu ne, Beljiyam ko wadda aka sayo daga Legas ko Jos, ta zo da tarkacen tsohon mai ita a gilas. Sabon mai ita ba shi da lokacin kankarewa, ko yana tsoron kada fenti ya ɓare. Na taɓa shiga wata Sharon mai sitikar taron coci a baya, hoton Shehu Ibrahim Inyass a gaba, direban kuma yana sharara gudu kamar an biyo shi. Wa za a ɗora wa wannan?

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ido ke yaudarar mu. Motar da ke tafiya a hankali ita kake bi a baya minti goma, kana cizon yatsa, ba abin da za ka kalla sai gindinta. Ka karanta rubutun sau ashirin, ya zauna maka a ka tare da haushin. Wadda ta wuce ka fuu da ƙura kuwa, yaushe ka ga abin da ke bayanta? Wataƙila gicciye ne, wataƙila "Masha Allah" ne, ba ka sani ba. Wato masu jinkiri kaɗai ke ba ka damar karanta su. Sannan a ƙasar Gumel, inda kusan kowa Musulmi ne, sitikar Izala ko ta Tijjaniyya ta zama gama-gari, ido ba ya tsayawa a kanta. Motar Alhaji in ta tare hanya sai a ce tsufa ne, ko injin ne ya gaji. Baƙuwar alama ce ake riƙewa, a ƙirga ta a kan dukan masu addinin. In ka je kudu za ka tarar da kishiyar wannan, a can direban Arewa ake yi wa kuɗin goro da ganganci.

Akwai binciken da ya taɓo batun. A 2008 William Szlemko da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka sun wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa ɗaruruwan masu tuƙi. Sun gano cewa masu yawan liƙe-liƙe a mota sun fi saurin fusata a hanya, da danna oda da matse na gaba, domin suna jin titi kamar harabar gidansu. Abin da aka rubuta a sitikar bai canja sakamakon ba, na addini ne ko na siyasa ko na son zaman lafiya. Fushi suka auna, ba jinkiri ba, kuma Amurkawa suka tambaya, ba direbobin tashar Gumel ba. Duk da haka, in ma an jingina da shi, ya fi kusa da ƙaryata zancen direbanmu.

Shi kansa jinkirin da ake zargi, a hanyarmu ba aibi ba ne. Tsakanin Gumel da Maigatari ranar kasuwa akwai amalanken shanu, jakuna, garken awaki, da yara masu talla da ke tsallakawa ba duba. Baƙon da bai san inda rami yake ba dole ya sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa a karo da kusan kashi 4.

Mun samu muka wuce rokar nan daf da shiga Gumel. Na leƙa ta taga: direban na sanye da hula zanna, yana tauna goro, ya ɗaga mana hannu. Direbanmu ya mayar masa da oda sau biyu, bai ƙara cewa komai ba har muka shiga tasha.