Basira Dukiya Ce, Amma Sai da Takarda

Mai shagon atamfa jarinsa a jere yake, kowa na gani. Matashin da ya ƙirƙiri manhaja kuwa, jarinsa rubutu ne a kwamfuta, wanda ake iya kwafewa cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa kafin mai zuba jari ya saki kuɗinsa sai ya tambaya: wa ya mallaki manhajar nan, kuma ina shaida?

Kenya ta ga tasirin wannan tambaya. A 2007 kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta wayar hannu da ya shiga birni da ƙauye. To amma haƙƙin mallakarsa yana hannun Vodafone na Ingila, don haka Safaricom ya yi shekaru yana biyan kuɗin lasisi. Sai a 2020 shi da Vodacom na Afirka ta Kudu suka saye sunan. Kafin nan, kasuwa a Nairobi, takarda a Ingila.

A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare manhaja tun daga ranar da aka rubuta ta. Sabuwar ƙirƙira da tambarin kamfani kuwa sai an yi musu rajista, ƙarƙashin dokokin 1970 da 1965, waɗanda suka girmi intanet. Kuma rajistar ba ta tsallaka iyaka: wadda aka yi a Abuja ba ta tsare ɗan Kano a Maraɗi. Nijar, Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki.

Kariyar ma idan ta yi tsauri takan zama ƙarfen ƙafa. Yarjejeniyar kasuwanci ta duniya da ta fara aiki a 1995 ta ba mai ƙirƙira shekara 20 shi kaɗai, alhali yawancin takardun suna hannun manyan kamfanonin waje. Ƙaramin kamfani ko ya biya lasisi da dala, ko ya haƙura.

Gyaran doka aikin hukuma ne, amma akwai na ɗan kasuwa. Wanda ya ba wani aikin rubuta manhaja, su sa hannu kan wanda zai mallake ta, domin in ba yarjejeniya, doka marubucin ta sani. A yi wa suna rajista kafin talla. Amana tsakanin abokai tana da kyau, amma alƙali rubutu yake dubawa.