Yadda Ake Cire Busasshen Fenti Daga Gilashin Taga

'Yan'uwa, bayan an shafa wa gida ko majami'a fenti, akan tarar ya ɗiɗɗiga a gilashin taga ya bushe. Kada a kankare shi da wuƙa ko yashi. Suna karce gilashi, karcen kuwa yana da wuyar gyarawa.

Da farko a gane irin fentin. In fentin ruwa ne, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗora a wurin kamar minti 10. In fentin mai ne, ruwa ba ya cinsa, sai a shafa tina ko ɗan kananzir.

Idan ya yi laushi, a sami sabuwar reza, a naɗe baki ɗaya da salatif saboda yatsu. A kwantar da ita, a tura gaba sannu a hankali, gilashin yana jiƙe. Reza mai tsatsa takan bar zane. A wanke, a goge da tsohuwar jarida.

Hattara! Tina da kananzir suna kama wuta. A buɗe ƙofa, a nisanci fitila da murhu. Kada a zuba su cikin kwalbar lemo, yara kan ɗauka abin sha ne.

Nan gaba, a rufe gilashi da takarda kafin a fara fenti. Rigakafi ya fi magani.