Ɗan Tilo Da Aikin Soja: Inda Dokar Nijeriya Ta Yi Shiru

Duk wanda ya bi ta Kawo ya wuce hedkwatar Runduna ta Ɗaya, ko ya ratsa ta bakin Barikin Ribadu, inda aka buɗe makarantar horar da hafsoshi ta NDA a 1964, ya san Kaduna garin soja ne tun asali. Sojan Gwamna Lugga ne suka fara kafa sansani a nan, kafin a ɗauko hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Amma duk yawan kakin da ake gani a gari, babu wanda doka ta tilasta wa sa shi. Nijeriya ba ta ɗaukar soja dole, saboda haka ba ta da wata doka da ke kare ɗan tilo, watau namiji ɗaya tak a wurin iyayensa.

Ƙasashen da ke tilastawa sun daɗe da yanke wannan magana. Rasha ta keɓe ɗan tilo tun cikin dokarta ta 1874. A Masar ma, wanda shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifinsa ana ɗauke masa aikin. Amurka kuwa sai da ta ji jiki: a watan Nuwamba na 1942 aka nutsar da jirgin yaƙinta mai suna Juneau, 'yan'uwa biyar na gidan Sullivan suka halaka tare, sa'an nan a 1948 aka yi dokar barin namijin da ya saura a gidan da yaƙi ya cinye sauran.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar nan ba ta taɓa ɗanɗana tilas ba. A zamanin Yaƙin Hitila, a takarda dai sa-kai ne, amma neman kurata ta hannun En'e yake bi, daga hakimi zuwa dagaci, kuma wanda aka ce ya kawo mutane, to, sai ya kawo. Da yawa daga cikinsu sun ƙare a dajin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82. Aikin haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944 kuwa tilas ne ƙiri-ƙiri. A irin wannan hali, abin da gwauruwa mai ɗa guda ta dogara da shi bai wuce tausayin dagaci ba.

Tilas ɗin da ya rage yanzu shi ne bautar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1973. Ana ɗauke wa wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu, da wanda ya yi fiye da wata tara a soja ko ɗan sanda, da mai lambar girma ta ƙasa. Ba a ambaci ɗan tilo ba.

Sai dai ƙofar ba a kulle take ba. Sashe na 220 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa Majalisar Tarayya na iya yin dokar horon soja ko aikin soja na dole. Ranar da aka tashi yin haka, kwafo dokar wata ƙasa ba zai wadatar ba, domin gidajenmu ba irin na Rasha ba ne. A Unguwar Kanawa ko Badarawa ana samun magidanci mai 'ya'ya maza goma, alhali ɗaya daga cikin matansa namiji guda gare ta, shi ne cinta, shi ne maganinta idan mai gida ya kwanta dama ko aure ya mutu. In aka ƙidaya ta wajen uba, kamar yadda Masar ke yi, wannan yaro ba tilo ba ne, a mota za a sa shi zuwa Daffo a Zariya. In kuwa aka ƙidaya ta wajen uwa, sai a tarar gida ɗaya ya fitar da tilo biyu ko uku, kowanne da ɗakinsa.